Bernhard Riemann: Ɗan faston da ya fayyace yadda ake auna fili mai karkataccen gefe

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a domin karanta injiniyanci ko kimiyya ko tattalin arziki, ba ya gama shekarar farko sai ya haɗu da wata alama mai kama da harafin S da aka ja shi ya yi tsawo. Malami zai zana lanƙwasasshen layi a kan allo, ya yayyanka filin da ke ƙarƙashinsa zuwa siraran ginshiƙai, ya ce a auna kowanne a tara.

Wannan tarin shi ake kira jimillar Riemann. Lambar da jimillar ke dosa idan ginshiƙan suka ci gaba da sirancewa kuwa ita ce intigiral, ɗaya daga cikin ƙafafu biyu da fannin kalkulas ke tsaye a kansu.

Mai sunan, Georg Friedrich Bernhard Riemann, Bajamushe ne da ya rasu bai cika shekara 40 ba. Ya yi yawancin rayuwarsa cikin ƙarancin abin hannu da rashin lafiya, ga tsananin jin nauyin mutane. Bayanin intigiral da ya sa ake ambatonsa a azuzuwa 'yan shafuka ne kawai a tsakiyar wani kundi da ya rubuta don neman izinin koyarwa, aikin da ba shi da albashi. Kundin ya kwanta fiye da shekara 14 ba a buga shi ba, sai da marubucin ya bar duniya.

Yaron da aka shirya wa aikin coci

An haife shi ranar 17 ga Satumban 1826 a ƙauyen Breselenz da ke masarautar Hanover, a arewacin Jamus ta yau. Mahaifinsa, Friedrich Bernhard Riemann, fasto ne na ɗariƙar Lutheran, wanda ya taɓa shiga yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon. Bernhard ne na biyu cikin 'ya'ya shida. Yana ƙarami aka mayar da mahaifin wani ƙauye na kusa mai suna Quickborn, nan yaron ya tashi, kuma uban ne malaminsa na farko.

A 1840 aka kai shi birnin Hanover wurin kakarsa domin ya yi sakandare. Da ta rasu a 1842 sai ya koma wata makaranta a Luneburg. A can ne shugaban makarantar ya lura da shi, ya buɗe masa ɗakin littattafansa. Ana ba da labarin cewa ya ara masa littafin Legendre kan ilimin lambobi, mai shafi kusan 900, yaron ya dawo da shi bayan kwana shida ya riga ya haɗiye abin da ke ciki.

A 1846 ya shiga Jami'ar Gottingen domin karanta ilimin addinin Kirista da harsuna. Lissafin gidan a bayyane yake: ya zama fasto kamar ubansa, ya soma samun abin da zai tallafa wa 'yan'uwansa. Amma ƙafarsa ta riƙa kai shi azuzuwan lissafi. Sai da ya nemi izinin mahaifinsa kafin ya sauya fanni, uban kuwa ya amince, duk da ya san hakan na nufin ƙarin shekaru ba tare da kuɗin shiga ba. A shekarar ce kuma mahaifiyarsa, Charlotte Ebell, ta rasu.

Gottingen na taƙama da Carl Friedrich Gauss, wanda ake ganin babu kamarsa a lissafi a lokacin. Sai dai Gauss darussan farko-farko yake koyarwa, kuma ba mutum ba ne mai jan ɗalibai a jiki. Don haka a 1847 Riemann ya tafi Berlin, inda Jacobi da Steiner da Eisenstein da Dirichlet ke koyarwa. A cikinsu Dirichlet ne ya fi yi masa tasiri. Shi malami ne da ya fi son a fahimci asalin matsala a ƙwaƙwalwa kafin a cika takarda da alamomi, kuma wannan ɗabi'a ta bi Riemann har ƙarshen rayuwarsa.

Ya dawo Gottingen a 1849, ya gama digirin dakta a ƙarshen 1851 a ƙarƙashin Gauss, wanda ba a san shi da saurin yabo ba amma ya yaba wa kundin ƙwarai. Digirin kaɗai bai isa ya ba mutum damar koyarwa a jami'ar Jamus ba. Sai ya sake rubuta wani kundin, sannan ya gabatar da lacca a gaban manyan malamai. Wannan kundi na biyu shi ne ya kai shi ga batun intigiral.

Tsohuwar dabara, sabuwar tambaya

A ɗauka manomi na da fili wanda titi ya miƙe ɗoɗar a gefe guda, rafi kuma ya bi ta ɗaya gefen yana karkacewa. Fili mai kusurwa huɗu ba ya ba da wahala, tsawo sau faɗi ne, shi ke nan. Amma bakin rafi ba ya bin igiya. Dabarar ita ce a raba filin kunya-kunya daga titi zuwa rafi, a ɗauki kowace kunya tamkar mai kusurwa huɗu ce, a auna ta, a haɗa. Dole a sami kuskure a bakin ruwa, sai dai kuskuren na raguwa duk lokacin da aka ƙara sirantar da kunyoyin.

Dabarar ta girmi Riemann da shekaru kusan dubu biyu. Archimedes, wanda ya rayu a tsibirin Sisili a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya auna filin wata lanƙwasa da ake kira farabola ta hanyar cika ta da siffofi masu kusurwa uku, manya sannan ƙanana. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya gano hanyar tara jerin lambobin da aka ninka kowacce da kanta har sau huɗu, ya yi amfani da ita wajen auna cikin wata siffa da farabola ke bayarwa idan aka juya ta, ya nuna cewa kashi 8 cikin 15 ne na gangar da ta kewaye ta. Ita kanta doguwar alamar S, Leibniz ne ya ƙirƙiro ta a 1675, daga harafin farko na kalmar jimilla a Latin.

Bayan Newton da Leibniz sai aka sami gajeriyar hanya. An gano cewa auna fili kishiyar lissafin saurin canji ne, saboda haka idan an san ɗaya ana iya juyo ɗayan ba tare da an tara komai ba. Hanyar ta yi aiki sosai, har malaman ƙarni na 18 suka kusa mantawa da batun tarawa. Waɗanda ke tunawa kuma suna maganar wasu yankuna ne masu ƙanƙantar da ba ta da iyaka, waɗanda ba sifili ba ne kuma ba su kai komai ba. Wani bishop ɗan Ireland, George Berkeley, ya yi musu ba'a a kan haka a 1734, kuma gaskiyar magana ba su da gamsasshiyar amsa. Ana samun sakamako daidai, amma ba mai iya faɗin dalili a tsanake.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne aikin Bafaranshe Joseph Fourier kan yadda zafi ke tafiya a cikin abu, wanda ya fito a littafi a 1822. Fourier ya yi iƙirarin cewa kowane irin layi, ko da mai karyewa ne ko mai tsalle, ana iya rubuta shi a matsayin tarin igiyoyi masu hawa da sauka kamar na sauti. Girman kowace igiya kuwa da intigiral ake gano shi. To idan layin ya munana ƙwarai, yana da intigiral ma kuwa? Augustin-Louis Cauchy ya ba da rabin amsa a 1823. Ya koma ga tarawa, ya bayyana intigiral a matsayin lambar da jimilloli ke dosa, amma ya tsaya a kan layukan da ba sa tsinkewa.

Abin da Riemann ya rubuta

Riemann ya zaɓi igiyoyin Fourier a matsayin batun kundinsa. Dirichlet, wanda ya yi fice a fannin, ya kawo ziyara Gottingen a 1852 ya taimaka masa da bayanai. Riemann ya miƙa kundin a watan Disamban 1853. Ya fara da doguwar bitar tarihin matsalar, sannan kafin ya shiga ainihin aikinsa sai ya dakata, ya ce sai an fara daidaita abin da ake nufi da intigiral tukuna.

Amsarsa ita ce wannan. A raba tazarar da ake son aunawa gida-gida, ba dole gidajen su zama daidai da juna ba. A cikin kowane gida a zaɓi wuri ɗaya, duk inda aka ga dama, a ɗauki tsayin layin a nan, a ninka da faɗin gidan. A tara duka. Idan jimillar na dosar lamba ɗaya tak yayin da dukkan gidajen ke ƙanƙancewa, ko yaya aka yi rabon kuma ko ina aka zaɓa, wannan lambar ita ce intigiral. Idan kuwa ba ta dosar lamba ɗaya, to alamar ba ta da ma'ana ga wannan layin, kome kyawunta a takarda.

Ana iya ganin yadda abin ke aiki da layin da ɗalibai ke rubutawa y = x², daga 0 zuwa 1. Idan aka raba tazarar gida 10 aka ɗauki tsayin da ya fi kowanne a kowane gida, jimillar za ta zama 0.385. Idan aka ɗauki mafi gajarta, za ta zama 0.285. Da gida 100, lambobin biyu sun koma 0.33835 da 0.32835. Da gida 1,000, sun koma 0.3338335 da 0.3328335. Ta sama na saukowa, ta ƙasa na hawa, kuma lamba ɗaya ce kawai ke maƙale a tsakaninsu duk yadda aka ci gaba, wato sulusi. Babu ɗaya daga cikin jimillolin da ta zama sulusi cif. Amma duk ƙanƙantar kuskuren da mutum ya ce zai lamunta, akwai rabon da zai kai shi ƙasa da haka. Da wannan aka huta da yankunan nan masu ƙanƙanta marar iyaka da Berkeley ya yi wa dariya, domin kowane mataki lissafi ne na lambobi na yau da kullum.

A ido bambancinsa da na Cauchy ɗan kaɗan ne, shi ya sa wasu ke ganin an fifita Riemann fiye da kima a wannan wuri. Ba su rasa hujja ba, domin tsarin tarawar na Cauchy ne. Sai dai Riemann ya juya tambayar. Cauchy ya ɗauko layuka masu kyau ya nuna suna da intigiral. Riemann kuwa ya kafa ma'auni, ya ce a kawo kowane layi a gwada shi, sannan ya nemi sanin waɗanne ne za su tsallake. Ya kuma ba da sharaɗin: layi na iya tsalle-tsalle yadda ya so, muddin jimillar faɗin gidajen da tsallen ya yi yawa a cikinsu za a iya ƙanƙantar da ita yadda ake so.

Domin ya nuna nisan da ma'aunin ke kaiwa, ya ƙera wani layi da ke tsinkewa sau ba adadi a tsakanin kowane wuri biyu, kome kusancinsu, amma duk da haka yana da intigiral. Babu mai iya zana irin wannan layi da alli.

Akwai kuma wanda ke faɗuwa gwajin, kuma malaminsa Dirichlet ne ya kawo shi tun 1829. Lambobi iri biyu ne: waɗanda ake iya rubutawa a matsayin kashi, kamar rabi ko uku bisa huɗu, da waɗanda ba a iyawa, kamar lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da 2. A ce tsayin layi 1 ne a kan nau'in farko, sifili a kan na biyu. Kowane gida, kome sirantarsa, yana ɗauke da nau'ukan biyu. Wanda ya zaɓi na farko a kowane gida daga 0 zuwa 1 zai sami jimilla 1, wanda ya zaɓi na biyu zai sami sifili, kuma sirantar da gidajen ba zai sasanta su ba. A ma'aunin Riemann wannan layi ba shi da intigiral.

Laccar da Gauss ya zaɓa

Saura lacca. Al'ada ita ce ɗan takara ya kawo batutuwa uku, a zaɓa masa ɗaya, kuma galibi na farko ake ɗauka. Riemann ya sa tushen ilimin siffofi a na uku, wanda bai gama shirya shi ba. Gauss, da ya daɗe yana tunani a kan batun a ɓoye, shi ya zaɓa.

Ranar 10 ga Yunin 1854 Riemann ya tsaya gaban malaman tsangayar falsafa, ya yi bayani kusan ba tare da alamomin lissafi ba, kan yadda sarari zai iya samun fuskoki fiye da uku, ya kuma lanƙwashe, lanƙwasar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Gauss, mai shekara 77, ya fito cikin mamaki yana yaba masa a gaban abokin aikinsa Wilhelm Weber. Shekara 61 bayan haka, a 1915, a kan wannan tushe ne Albert Einstein ya gina bayaninsa na yadda nauyin abubuwa ke lanƙwasa sarari da lokaci.

Abin da Riemann ya samu a lokacin shi ne izinin koyarwa, abincinsa kuma daga ɗan kuɗin da ɗaliban da suka zo ajinsa za su biya. Darasinsa na farko ɗalibai takwas ya samu, kuma ya yi murna da hakan, domin bai zaci za su kai haka ba. Koyarwa ta ba shi wahala da farko. Tunaninsa na gudu, yakan tsallake matakan da yake ganin a fili suke, ya bar masu sauraro a baya.

Gauss ya rasu a 1855, Dirichlet ya gaji kujerarsa, ya kuma taimaka aka yanka wa Riemann taler 200 a shekara. A shekarar ce mahaifinsa da ƙanwarsa Clara suka rasu. A 1857 aka ɗaga shi zuwa mataimakin farfesa da taler 300, sai ga rasuwar ƙanensa Wilhelm, ma'aikacin gidan waya a Bremen, wanda shi ke riƙe da sauran 'yan'uwansu mata. Nauyinsu ya dawo kan Riemann. Sai da Dirichlet ya rasu a 1859 aka ba shi cikakkiyar kujerar farfesa, yana da shekara 32.

A wannan shekarar Cibiyar Kimiyya ta Berlin ta zaɓe shi mamba, shi kuma ya aika mata da wata maƙala da ba ta kai shafi 10 ba, kan yadda lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 2 da 3 da 5 da 7, suke warwatse a cikin sauran lambobi. A ciki ya yi wani hasashe, ya ce ya ɗan gwada tabbatar da shi bai samu ba, ya ajiye saboda ba shi ne gabansa ba. David Hilbert ya sa hasashen cikin manyan matsaloli 23 da ya fitar a 1900. A 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware shi. Har yau ba a karɓi kuɗin ba.

Shekaru huɗu na jinya

A watan Yunin 1862 ya auri Elise Koch, ƙawar 'yan'uwansa mata, suka haifi 'ya ɗaya, Ida. Wata guda bayan bikin ciwon ƙirji ya kama shi, ya rikiɗe ya zama tarin fuka. Maganin da likitocin zamanin suka sani shi ne a guje wa sanyi, saboda haka ya riƙa tafiya Italiya, daga Sisili zuwa Pisa, inda ya ƙulla abota da masanin lissafi Enrico Betti. Duk lokacin da ya koma Gottingen sai ciwon ya tashi.

A watan Yunin 1866, daidai lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Prussia da Austria, sojojin Hanover da na Prussia suka doshi yankin Gottingen, ya kama hanyar Italiya karo na uku. Ya rasu ranar 20 ga Yuli a Selasca, a bakin tafkin Maggiore, matarsa na gefensa suna addu'a tare. Bai taɓa barin addinin da ya tashi a cikinsa ba. Shekararsa 39.

Riemann ba ya sakin rubutu sai ya gamsu da shi, shi ya sa abin da ya buga da ransa kaɗan ne. Abokinsa Richard Dedekind ne ya tono kundin 1853 da laccar 1854 daga cikin takardunsa, aka buga su a 1868.

Da kundin ya fito, matasan masana suka yi masa caa. Georg Cantor ya ɗora a kan tambayoyin da Riemann ya bari game da igiyoyin Fourier, kuma daga nan ne ya faɗa cikin nazarin tarin abubuwa marasa iyaka da ya yi suna da shi. Gaston Darboux a Faransa ya sake tsara bayanin intigiral a 1875 ta hanyar jimillar sama da ta ƙasa, irin wadda aka gani a misalin sulusi, kuma a wannan siffar ce littattafai da yawa ke koyar da shi. A 1902 Henri Lebesgue ya kawo wani ma'auni mafi faɗi, wanda ke yanka filin ta fuskar tsayi maimakon ta faɗi, kuma a ƙarƙashinsa layin nan na Dirichlet ya sami intigiral, wato sifili. Manyan masu bincike sun fi amfani da na Lebesgue a yau, amma a duk inda na Riemann ya ba da amsa, na Lebesgue ma ita yake bayarwa.

An ruwaito cewa mai aikin gidansa a Gottingen, da ta ji labarin rasuwar, ta shiga share ofishinsa ta ƙone wani ɓangare na takardun kafin a tsayar da ita. Yawancin abin da ya tsira na ajiye a ɗakin karatun jami'ar. A cikinsu ne Carl Ludwig Siegel ya gano wata hanyar lissafi da Riemann ya yi amfani da ita wajen gwada hasashensa bai gaya wa kowa ba, ya buga ta a 1932, shekara 66 bayan rasuwar mai ita.